Ɓauna Ta Rasu a Ƙarƙashin Motar Gas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu biyu a cikin ɗori, ni Liao Kun-ta, a madadin iyalan Liao na bayan tashar jirgin ƙasa ta Hsinchu, ko da yake ba da yawunsu ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da mutum goma sha ɗayan nan da suka taɓa buɗe shafukana na yanar gizo, rasuwar kwamfutarmu Ɓauna. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da ƙarfe uku da 'yan mintuna na rana, a bakin ƙofar gidan mahaifinmu, tana da shekara goma sha ɗaya. Masu rubuta irin wannan sanarwa sukan ce bayan gajeriyar rashin lafiya. Ni ma na so in ce haka, amma maƙwabta sun gani, wasunsu ma sun ɗauka a waya. Kashe ta aka yi. Mutum uku suka sa hannu, duka uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na fara.

An haɗa marigayiya a kan teburin cin abincin gidana, daga sassan da na tsinto ɗaya-ɗaya a shagunan kayan lantarki. Baƙa ce, mai nauyi, ba ta da kyau ko kaɗan, shi ya sa na sa mata wannan suna. Matata ta haƙura da kukan fankarta wata huɗu, sannan ta ce ko ita ko Ɓauna. Na nemi kwana biyu in yi tunani, abin da har yau ba a yafe mini ba. Daga ƙarshe na ɗauki Ɓauna na kai ta gidan A-pa, mahaifinmu, na ajiye ta a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da teburin da ake kunna wa kakanni turare. A nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta, ba hutu, tana riƙe da ƙananan manhajojin da na rubuta, duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ko'ina a duniya ta buɗe masa. Ba a cika ƙwanƙwasawa ba.

Ta kasance mai juriya. Ta ga girgizar ƙasa ba adadi ba ta tuntsure ba. Sau uku guguwa ta ɗauke wuta a unguwar, duka ukun ta tashi da kanta da wutar ta dawo. Ta kasance mai haƙuri, don ta sha duka, ni ne kuma mai dukan. Shekara shida na yi a jami'a ina karanta injiniyancin kwamfuta, abin da ya fi yi mini amfani a ciki shi ne mari a gefen hagu, ɗan sama da maɓallin kunnawa. Wurin ya lotsa daidai faɗin tafin hannuna. Idan ta farfaɗo takan ce tit, sau ɗaya, ba ƙorafi. Idan ranta ya ɓaci takan ce tit-tit-tit. Da zafi ya shigo sai ta yi ta huuuu kamar mai hawan tudu da kaya. A shekararta ta ƙarshe ta ƙaro wani sauti daga can ciki, daga faifan ajiyarta: ƙas, ƙas, ƙas.

Kamar kowace na'ura mai mutunci a garin nan, marigayiya ta rayu da koriyar leda a kanta. Cincin ɗin masara ne na yara, mai ɗanɗanon kwakwa, wanda sunan da ke jikin ledarsa yake nufin yi ladabi. Kore dai, don koriyar fitila ce take nuna lafiya lau. Ba a ɗora rawaya, ba a ɗora ja, ba a bari wa'adinsa ya wuce, ba a kuma ci. Ni mai digiri biyu ne, ban yarda da wannan shirme ba, kuma ban taɓa bari wa'adin ya wuce ko da kwana ɗaya ba.

Amma babbar ɗabi'arta ita ce riƙon sirri, kuma dole in yi bayaninsa, tunda yanzu har mai gyaran babur na ƙetaren titi ya sani.

Shekara huɗu da suka wuce ƙodojin A-pa suka gaza. Litinin, Laraba, Juma'a, sai an kai shi asibiti da ƙarfe bakwai na safe, a zauna da shi awa huɗu ana wanke masa jini, a dawo da shi gida. Mu uku ne 'ya'yansa: Yaya Pi-hsia mai sayar da kifi a kasuwar safe, ni, da ƙaninmu Kun-sheng mai raba tukwanen gas a ƙaramar motarsa. Taron farko da muka yi kan wa zai riƙa kai shi ya tashi da fasasshiyar butar shayi. Sai na ce a bar wa na'ura, ita ba ta da ɗan uwa, ba ta son kai. Na rubuta manhajar a mako ɗaya. Kowane jajibiri da ƙarfe shida na yamma Ɓauna za ta duba aikin kowa, ta zaɓi mutum ɗaya, ta aika masa saƙo shi kaɗai. Wanda bai ji ta ba ya san ba shi ba ne. Ba sai an kira juna ba, wanda a gidanmu ba ƙaramin alheri ba ne.

Layi na 214 a cikin manhajar gajere ne. Cewa yake: idan sunan Kun-ta ya fito, a sake zaɓe. A samansa na rubuta kada a taɓa, da alamar motsin rai uku. Yaya tana ɗauka ni da Kun-sheng muke raba sauran ranakun, Kun-sheng yana ɗauka ni da Yaya ne. Idan ɗayansu ya yi ƙorafin cewa kamar nauyin ya fi yawa a kansa, sai in aika masa zane mai launi uku in ce lissafin yana da zurfi. A-pa kuwa, wanda shi kaɗai yake ganin wa ya zo da wa bai zo ba, ba mai magana ba ne. Nakan je gidansa sau ɗaya a wata in goge wa Ɓauna ƙura, in gaishe shi a hanyar fita.

"Lafiyarta lau?" yakan tambaya.

"Lau, A-pa."

"To, madalla."

Bara, lokacin bikin sabuwar shekara, Ya-lan matar Kun-sheng ta ji ƙas-ƙas ɗin nan tana wucewa da faranti. Injiniya ce a ɗaya daga cikin manyan masana'antun gari, ba ta ɓata magana. Ta ce mini, "Yaya, faifan nan shure-shuren mutuwa yake. Ka mayar da abin gajimare mana." Gajimare, ga dattawan da za su karanta wannan, kwamfutar wani ce a wani gari, ka kama lungu a cikinta ka ajiye kayanka, idan ta lalace shi ya sani. A kan teburin abincin bikin iyali suka yanke hukunci: a mayar, a kuma ba Ya-lan makulli, saboda ko an nemi Kun-ta an rasa.

Ban ƙi ba. Ni mutum ne mai bincike, na ce a ba ni lokaci in zaɓi wurin da ya dace. Wata goma sha ɗaya na yi ina zaɓa. Na buɗe jadawali, kamfani tara a tsaye, sharaɗi goma sha bakwai a kwance. Akwai manyan nan na ƙasashen waje, waɗanda idan ka shiga shafinsu sai ka ga maɓallai ɗari biyu kamar gaban matuƙin jirgin sama, alhali abin da kake so kawai a aika wa mai sayar da kifi saƙo. Akwai na kyauta, masu barci idan ba a taɓa su ba, sai an ƙwanƙwasa su yi minti guda suna miƙa kafin su buɗe. Akwai masu ba ka 'yar na'ura tsirara a Tokyo ko Singapore su ce ka ji da ita, wato dai Ɓauna ce, sai dai ba ka iya marinta. Akwai kuma masu cewa kai dai miƙo abin da ka rubuta ka yi tafiyarka, mu za mu ji da sauran. Waɗannan su suka fi ba ni tsoro, don na san abin da na rubuta. Kowanne na samo masa aibi. Wannan, idan igiyar ƙarƙashin teku ta tsinke fa? Wancan, idan masu shi suka rufe suka gudu fa?

"Ka zaɓa?" in ji Yaya a waya, ina jin sarar kifi a bayanta.

"Saura sharaɗi biyu, Yaya."

"Ni da asuba nake zaɓar kifi kwando talatin a minti goma, idonsa kawai nake dubawa. Kai da aka kashe maka shekara shida a makaranta ka kasa zaɓar inda za ka ajiye sunaye uku? Farfesan banza."

Sharaɗi na goma sha bakwai shi ne koriyar leda. Na rubuta wa duka taran wasiƙa ina tambaya ko suna ɗora ta a kan na'urorinsu, da fatan babu mai amsawa. Biyu daga na waje suka ce ba su gane ba. Ɗaya ya ga kalmar kore ya turo mini shafi arba'in kan kiyaye muhalli. Sai wani ƙaramin kamfani na nan gida ya amsa cikin awa ɗaya: "Malam Liao, kwali-kwali muke saye, akwai ma'aikacin da duba wa'adin yana cikin aikinsa." Har da hoto. Na daɗe ina kallon hoton nan. Sannan na ƙara sharaɗi na goma sha takwas.

Tunda sanarwar mutuwa ce, bari in faɗi gaskiya sau ɗaya. Ranar da abin ya koma can, Ya-lan za ta karɓi makulli, ta buɗe, ta karanta. In kuwa na share layin kafin nan, Litinin za ta same ni a kan kujerar roba a gefen gadon A-pa, awa huɗu, ni da shi. Ɓauna ce kaɗai a tsakanina da kujerar nan, ta kuma tsaya mini, tana ƙas-ƙas.

Ciwon ajali ya fara ranar Alhamis. Da ƙarfe shida na yamma ba ta aika wa kowa saƙo ba. Yaya ta ji shiru ta ce ba ita ba ce. Kun-sheng ya ji shiru ya ce ba shi ba ne. Ni dama shiru na saba ji. Da safiyar Juma'a A-pa ya yi wanka, ya sa rigarsa mai faɗin hannu da yake sawa saboda allura, ya ɗauki jakarsa da bargonsa, ya zauna a kujera a bakin ƙofa tun shida da rabi. Akwai waya a aljihunsa. Bai kira kowa ba. Ƙarfe tara da rabi nas ta kira Yaya ta ce gado na bakwai babu kowa. Yaya ta bar teburinta da kifi a kai, ta zo a babur da takalmin roba da ɓawon kifi har gwiwar hannu, ta tarar da shi ƙafafu sun kumbura, numfashi yana fita da ƙyar, yana amsa gaisuwar masu wucewa. An samar masa gado a zagayen rana. Likita ya ce da an kai yamma, da wata sanarwar ake rubutawa.

Asabar, bayan an tashi kasuwa, aka kira taro. Na iso na tarar da su a tsaye a ƙarƙashin bene, duk sun zuba wa kan Ɓauna ido. Ledar da ke kai rawaya ce.

"Wa ya yi wannan?" in ji Kun-sheng, murya ƙasa-ƙasa.

A-pa yana kan kujerarsa ya ce, "Ni na ci waccan. Yunwa na ji. Na sayo wata na mayar."

"A-pa, rawaya fa!"

"Kai da aka hana ka irin wannan ciye-ciye!" in ji Yaya.

"Leda leda ce," ya ce, ya ci gaba da kallon ƙafafunsa.

A matsayina na mai ilimi zan faɗa a nan cewa faifan da ya shekara goma sha ɗaya yana juyawa ba ya buƙatar taimakon cincin kafin ya mutu. Zan kuma faɗa cewa ranar Laraba aka canza ledar, Alhamis ta faɗi.

Ya-lan ta riga ni zuwa. Tana zaune a matakala ta uku da tata kwamfutar a cinya, igiya ta haɗa ta da Ɓauna, wadda ta samu ta farfaɗo da ita ba tare da mari ba. "Yau za a gama," ta ce. "In kwashe komai, in mayar gajimare, kowa ya huta."

Abin da ya biyo baya zan faɗe shi yadda ya faru. Na ce bari in duba mata wani abu. Na durƙusa, na ɗaga hannu, na sauke mata mari da dukan ƙarfina, a daidai inda faifan yake maimakon gefen da ta saba. Ta ce tit-tit-tit. Na ƙara da naushi. Na fizge igiyar wuta daga bango har da murfin soket ɗin. Na ɗaga ta sama kamar mai duba ƙasanta, na sake ta a kan siminti. Wani abu ya karye a ciki ya yi ta yawo kamar tsakuwa a gwangwani. Shekara goma sha ɗaya ina dukanta don ta tashi. Wannan ne karo na farko da na dake ta don kada ta tashi, ina kuma jin ta gane bambancin.

"Zame mini ta yi," na ce.

"Har da naushin?" in ji Kun-sheng.

Ya-lan ba ta ko ɗago kai ba. "Ba komai, Yaya. Na gama kwafewa tun kana neman wurin ajiye babur." Ta ja yatsa a kan allo. Ta tsaya. Ta gyara tabarau. "Mene ne wannan kada a taɓa?"

"Abu ne na fasaha. Ba za su gane ba."

"Karanto mana mu gani ko za mu gane," in ji Yaya.

Ta karanta, ta kuma mayar da shi harshen da ake sayar da kifi da shi. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Sun gane.

Turaren kakanni yana ta hayaƙinsa. Yaya ta cire hular kwanonta, ta riƙe ta da maɗauri. Ta dube ni, ta dubi A-pa, ta sake dubana. Na ga abin da take aunawa a fuskarta: ba a kashe ƙani a gaban uba mai ciwon ƙoda, balle a gaban teburin kakanni. Sai ta juya ga marigayiya.

"Shekara huɗu!" Ƙwal. "Ina rufe teburi ana tsakiyar ciniki, ina barin kifi yana ruɓa!" Ƙwal. "Kana aiko mini zane mai launi! Don ubanka... A-pa, yi haƙuri, ba da kai nake ba."

"Ci gaba," in ji A-pa.

Hular ta tsage a bugu na biyar. Ta jefar da ita, ta kama Ɓauna da igiyoyinta, ta ja ta a ƙasa kamar buhun ƙanƙara, ta cikin falo, ta kan dokin ƙofa, har bakin titi. A akwatin baburinta akwai gudumar da take fasa ƙanƙara da ita. Murfin gefe ya tashi a bugun farko ya daki ƙofar maƙwabci. Fanka ta fito tana birgima har bakin kwata. Yaya ta zura hannu ta zaro kayan cikin ɗaya-ɗaya yadda take zare hanjin kifi, ba ta ko kallo. A nan ne na yi abin da har yanzu ban san dalilinsa ba: na miƙa hannu na kare ta, ita da na fara kashewa minti biyar da suka wuce. Guduma ta riga ta taso. Likitan ƙashi ya ce mako shida.

Mai gyaran babur ya fito da kujera ya zauna. Wata tsohuwa ta leƙo daga bene ta ce, "Pi-hsia, mijin naki ne?"

"Kwamfuta ce, Goggo!"

"Af. To."

Kun-sheng yana gefe yana kallo duk tsawon nan. Shi ne mai sanyin gidanmu, mutumin da yake hawa bene biyar da tukunyar gas a kafaɗa, ya sauko yana ba da haƙuri don ya taka wa masu gida tabarmar ƙofa. Ya jira Yaya ta gaji. Sannan ya ce, "Yaya, ɗan matsa." Ya shiga motarsa, tana cike da tukwane, ya tayar, ya duba madubi, ya kunna sigina duk da ba kowa a titin, ya yi baya. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka kwalin ƙwai ne. Ya yi gaba, ya sake yin baya, don shi mutum ne mai gama aiki. Ya sauko, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago ya dube ni.

"Ko a sake zaɓe?" ya ce.

Maganarta ta ƙarshe, ga masu son sani, ita ce tit ɗin nan uku da ta yi mini.

Ta rasu ta bar manhajoji huɗu. Babbar ita ce ta kai A-pa asibiti. Sai shafin da nake ba shagunan taliya da romon naman shanu maki, wanda mutum goma sha ɗayan suke karantawa, uku daga cikinsu masu shagunan ne. Sai mai tuna wa matata ba furanninta ruwa, wadda ta ci gaba da tunatarwa shekara biyu bayan furannin sun mutu, da wata da na fara rubutawa na manta ko ta mece ce. Ta kuma bar igiyar wuta, da linzamin kwamfuta wanda bai san an yi rasuwa ba, da lotsattsen murfin nan da maƙwabci ya ce zai riƙe har sai an gyara masa ƙofa. Jadawalina mai sharaɗi goma sha takwas yana nan da ransa, ba mai tambayarsa.

Marayun sun samu gida tun a ranar. Ya-lan ta zaɓar musu a minti huɗu, a tsaye, tana shan shayi da ɗayan hannun, ni ina zaune da nawa hannun a cikin ƙanƙarar kifi.

"Wanne kika ɗauka?"

"Wanda ya fara fitowa."

"Kin duba ko idan igiyar teku..."

"Yaya, saƙo uku ne a mako."

"Ai mai barci ne."

"Ko cikin barcin ya fi ka zuwa aiki," in ji Yaya Pi-hsia.

Ban san garin da sabuwar na'urar take ba. Ya-lan ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma amfanin abin ke nan. Ta share layi na 214, ta rubuta wani a gurbinsa, ta karanta a fili kowa ya ji: saƙo zai riƙa zuwa ga dukanmu da sunan wanda aka zaɓa, kuma har sai ranakun sun daidaita, sunan na Kun-ta ne. Ta ce shekara biyu cur.

Kun-sheng, wanda ya gama take kwamfuta sau biyu ba tare da ransa ya ɓaci ba, a nan ne hankalinsa ya tashi. "To ina za a ɗora ledar?"

"Babu wurin ɗorawa," in ji matarsa.

"Haka za a bar ta kawai? Ba komai a kai?"

Yaya ta fita ta shiga shagon kusurwa, ta dawo da kore, ta duba wa'adin, ta manna ta da salatef a gaban baburina. "Ga na'urar da take buƙata," ta ce. Tana nan, ban cire ba.

Litinin na kai shi. Ɗakin dogo ne, gado goma sha biyu, kowane da injinsa. Nas ta dube ni ta ce, "Kawu Liao, wannan kuma wane ne?"

"Na tsakiyan ne."

"Ashe uku ne?"

Ta naɗe masa hannun riga. Ban taɓa ganin hannun ba: jijiyar ta kumbura ta murɗe kamar igiyar jirgin ruwa, tabo a kan tabo. Na ga kaurin allurar. Na ga jinin ya hau roba, ja mai duhu, ya shiga zagaya cikin injin. Abu na gaba da na gani shi ne silin, da nas biyu riƙe da ƙafafuna a sama, goshina ya tsage a ƙafar gado. A-pa yana leƙo ni daga sama.

"Haka uwarka take," ya ce. "Tashi ka zauna, ka ba injin baya."

Na zauna. Awa ɗaya ta wuce. Don dai in ce wani abu, na ce, "A-pa, gaba kada ka sayo rawaya. Kore ake ɗorawa."

Ya daɗe yana kallon talabijin ɗin da ke rataye. "Shekara talatin da biyu na yi ina gyaran injina a masana'anta," ya ce. "Kana ganin ban san kore da rawaya ba? Abin da ban yi zato ba shi ne kwana ɗaya kacal za ta ɗauka. Na ce sai ta yi mako."

"Ka san fa za ka iya mutuwa a bakin ƙofar nan."

"Na san za a zo."

"Ai ba ni na zo ba."

"Yau wa ya zo?" Ya miƙo mini tuffa da wuƙa da hannunsa mai lafiya. "Fere mini. Rabi aka yarda in ci."

Na fere da yatsu uku. Ya ce ɓawon ya yi kauri.

An tattara abin da ya samu na marigayiya a cikin kwalin kifi biyu. Za a fito da ita ranar Alhamis da ƙarfe biyar da rabi na yamma daga ƙofar gidan A-pa, lokacin da motar shara take shigowa layin, a miƙa ta ga motar kayan sake sarrafawa da ke biye da ita. Ba a buƙatar makaɗa, motar tana zuwa da kiɗanta. Masu rakiya su fito da tasu sharar, kada a yi tafiya biyu. Faifan ba ya cikin kwalin, don Ya-lan ta ce ba a zubar da faifai sai an huda shi. Yaya ta nemi a bar mata hudawar, an bar mata, ta yi takwas inda huɗu suka isa. Ba a karɓar farar ambulan ta kuɗin ta'aziyya, ba a karɓar furanni. Wani abokin aikina ya ba da shawarar a ƙona mata ubangida na takarda, yadda ake ƙona wa mamata kayan takarda a nan, ya bi ta can ya riƙa goge mata ƙura. Iyali sun yi na'am, ana neman hotona.

Za a karɓi gaisuwa a sashen wankin ƙoda, hawa na uku, gado na bakwai, Litinin, Laraba da Juma'a, daga ƙarfe bakwai zuwa sha ɗaya. Mai zuwa kada ya kawo ayaba, ko lemo, ko wani abu mai gishiri, kada kuma ya ba A-pa ruwa ko da ya roƙa, zai kuwa roƙa. Kujera ɗaya ce, ina kai, fuskata tana kallon bango. Wanda ya tarar da ni a ƙasa ya tsallake ni ya gaishe da A-pa tukuna. Shi ne babba, ya kuma fi kowa daɗewa yana jira.